Tagar da Goggo Ba Ta Ƙwanƙwasa Ba

Kalma ɗaya ce ta rushe madafar gidanmu na Jugu, kalmar kuwa ita ce arshitek. Ɗan baffana ne ya taho da ita daga Kwatano, a jikin wani ɗan kati mai sheƙi da yake raba wa mutane ko ba su tambaya ba. Sunansa a sama, a ƙasa kalmomin Faransanci biyu masu nufin mai tsara ginin manhajar kwamfuta. Dattawan gidanmu suka ɗauki ta farkon, suka bar ta biyun a inda suka gan ta. A saninsu arshitek shi ne wanda ke zana gida kafin magini ya ɗora bulo. Shi kuwa ya ga irin kallon da ake yi masa a zaure, bai ga dalilin rage wa kansa girma da gyaran magana ba.

Ni na san abin da katin ke cewa, domin sana'armu ɗaya da shi, in dai abin da yake yi sana'a ce. A lokacin ina aiki a Paraku, a ofishin wasu masu jigilar auduga, ina zaune a ɗakin haya a unguwar Kpébié. Zamanin ne wayar salula ta fara shiga aljihun 'yan kasuwa. Aikina shi ne riƙon manhajar da ke raba wa direbobi hanya da kaya. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin garin, ya bar mini ita da duk tabonta, kuma in ta tsaya ni ake kira, ko ina tsakiyar cin abinci.

Tsara ginin manhaja ba aikin banza ba ne, kada a ce na raina shi. Mutum ya zauna ya yanke shawarar sassa nawa za a yi, wane sashe ne zai yi magana da wane, kuma in ɗaya ya faɗi su waye za su bi shi, wannan aiki ne na masu hankali. Abin da na raina shi ne masu zana akwatuna da kibiyoyi a takarda, su sha tafi, su hau mota, ba su taɓa kwana da abin da suka zana ba. Yayan nawa sarkinsu ne. Ban taɓa jin an kira shi an ce abinka ya tsaya, zo ka tayar ba, domin kafin abin ya tsaya ya riga ya koma wani kamfanin.

Gidan namu tsohon masaukin fatake ne. Kakanninmu goro suka biyo har suka zauna a Jugu, kuma har na yi wayo akwai zobban ƙarfe a jikin katangar zaure inda ake ɗaure jakuna. Ƙofa ɗaya, rijiya ɗaya, madafa ɗaya. Baffannina uku ne a ciki da iyalansu, babbansu shi ne uban arshitek. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, uwata ta yi wani auren, sai na tashi a hannun Goggo, yayarsu duka. Ta yi aure a ƙauyen Onklou tun kafin a haife ni, mijin ya mutu, 'ya'yan da ta haifa ba su zauna ba, ta dawo gidan ubanta. Ɗakinta yana manne da bangon madafa, har in ana sanyi ba ta neman bargo.

Ba wanda ya taɓa cewa wance ce ke ciyar da Goggo. Akushinta yana kife a kan wani dutse a bakin madafa, duk matar da ta sauke tukunya sai ta buɗe shi ta fara zuba mata kafin na kowa, ta miƙa hannu ta ajiye a ƙofar ɗakin. Ba umarni ba ne, ba rabon kwana ba ne, hannu ne ya saba. Da idanunta suka fara rauni ma ba abin da ya canza. Tana zaune a bakin ƙofarta tana jin ƙarar daka, tana gane wadda ke kirɓa sakwara daga yadda taɓarya ke sauka, tana yi mata tsiya in doyar ta yi gudaji.

Wata damina ruwa ya zubar da katangar baya, ya tafi da rabin rufin madafar. Gyara ne da kowane magini a unguwa zai yi ba tare da an shimfiɗa masa tabarma ba. Amma Baffa babba ya ce ina amfanin haihuwar arshitek in za a kira bare. Aka yi wa yaya waya, ya zo da jakar kwamfuta a kafaɗa da takalmi mai tsini. Ni ma na shigo motar haya daga Paraku don in ga ɓarnar, sai na tarar ana taro a zaure. Na zauna daga ƙofar ciki, wajen da mata ke tsayawa.

Ya shimfiɗa farar takarda a kan tabarma, ya danne gefenta da kofunan shayi.

«Bon, Baba,» ya ce wa ubansa, «matsalar gidan ga ba rufi ba ce. Gidan ga monolit ne.»

Baffannin suka dubi juna, suka gyaɗa kai, sai ka ce likita ya faɗi sunan ciwon da suka daɗe suna ji. Monolit a wurinmu ita ce manhajar da aka zuba dunƙule guda, komai a cikin komai, ka taɓa nan can ya motsa. Irinta nake riƙo a ofis, na san wahalarta fiye da shi. Ya ci gaba da cewa rufi ɗaya ya faɗi, gida uku sun rasa wurin girki, wannan shi ne hatsarin rataya kowa a ƙusa ɗaya. Ya ce magani shi ne a raba gidan modul-modul. Modul kuwa sashe ne da ya san aikinsa, ya riƙe kayansa, ba ya leƙa cikin na wani, wani ma ba ya leƙa nasa. Kowane baffa da ƙofarsa a titi, da madafarsa, da famfonsa, katangar bulo a tsakani.

«Kuplaj ɗin ya yi yawa,» in ji shi, yana haɗa yatsunsa yana nuna yadda suka sarƙe. «Kowa ya jingina da kowa. Il faut découpler. A rage jingina, shi ke nan.»

A cikin kwamfuta maganarsa gaskiya ce, da bakina na sha faɗar irinta. Abin da ya ba ni haushi shi ne fuskokin baffannina. Kowannensu ya daɗe yana son ƙofarsa shi kaɗai, yana son ya shigo da ledar nama ba idon kowa, kunya ce kawai ta hana shi furtawa a gidan da ubansu ya ciyar da ayari. Yau ga yaro ya kawo musu kalmar Faransanci da za su lulluɓe son zuciyarsu da ita. Baffa ƙarami, wanda ke sayen shanu a kasuwannin Bargu, har maimaita kalmar yake a hankali, kuplaj, kuplaj, baki har kunne.

Na leƙa takardar daga inda nake. Akwatuna uku ne manya, kowanne da kibiya zuwa titi. Madafar tsakiya an ja mata gicciye.

«Yaya,» na ce, «Goggo tana cikin wane akwati?»

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi takardar. Na rantse da Allah a fuskarsa na ga bai tuna da ita ba sai a lokacin. Amma irinsu ba a kama su da shiru. Ya ce ɗakinta yana nan, ba wanda zai taɓa shi, tsohuwar madafar ce kawai za ta tafi, domin in kowa ya samu tasa ita ta zama kod mor. Mataccen rubutu ke nan, layukan da ke zaune cikin manhaja ba wanda ke kiran su, ana share su don tsabta.

Na ce masa ni ma na taɓa ganin wanda ya share mataccen rubutu. Wani gwani ne aka kawo mana ofis, ya ga wani ɗan sashe da ba kibiyar da ta nufe shi, ya goge shi yana yi mana dariya. Ashe agogon injin ne ke tayar da shi a ƙarshen wata, ba wani sashe ba. Wata ya ƙare, takardun direbobi suka ƙi fita, gwanin yana Kwatano. Jinginar da ba a rubuta ba ita ce mai kisa, domin mai zane ba ya ganin ta. Na ce madafar nan haka take, ba inda aka rubuta cewa Goggo daga cikinta take ci, amma daga cikinta take ci.

Sai yaya ya yi wannan murmushin da na tsana, wanda ake yi wa yaron da ya yi ƙoƙari.

«Bonne remarque, ƙanwata. Za a yi mata antarfas.»

Washegari ya dawo da sabon zane, yana shan ƙamshi. Ɗakin Goggo ya samu ɗan akwatinsa a tsakiya, da siririn lungu mai fita titin baya. Katangun gidajen uku duk sun iso wannan lungun, a jikin kowace kuma ya zana 'yar taga mai murfin ƙarfe, daidai wucewar kwano. Antarfas ke nan, ƙofar da sassa biyu suka yarda su yi magana ta cikinta kaɗai, ba tare da ɗaya ya san abin da ke cikin ɗayan ba. Ya ce Goggo ita ce kiliyan, wato mai nema, gidajen uku su ne masu bayarwa. In tana son abinci ta ƙwanƙwasa taga, a miƙo mata. Ya ƙara da cewa ta ma ci riba, da madafa ɗaya ta dogara da ita, yanzu uku, in ɗaya ba ta yi girki ba biyu suna nan.

A takarda abin ya yi kyau, har ni sai da na yaba tsabtar layukan a raina.

«Wa ke fara magana?» na tambaye shi.

«Kiliyan mana. Ƙa'ida ce, kin sani.»

«To ba za ta ƙwanƙwasa ba.»

«Don mi?»

«Don gidan ubanta ne. Ka taɓa jin Goggo ta ce a ba ta abinci?»

Ya kwashe da dariya, ya juya ga baffannin yana neman su taya shi. «Ma petite, wanda ke jin yunwa ƙwanƙwasawa yake. C'est logique.»

Na haɗiye abin da ya zo mini baki, na sauko da murya, na roƙe su abu ɗaya. Na ce a wurin aiki ba ma ɗora wa mutane sabon tsari sai mun gwada shi a gefe, kuma ko mun ɗora muna ajiye hanyar komawa baya. A kafa zana a inda katangun za su tsaya, a zauna haka har rani ya shigo. In abin ya yi, a zuba bulo. In bai yi ba, a naɗe zana a jingine. Yaya ya san gaskiya na faɗa, darasin farko ne a sana'ar, amma hutunsa ya kusa ƙarewa kuma yana son ya ɗauki hoton katanga kafin ya tafi. Baffa na tsakiya ya ce zana ai sai ƙauye, mu ba mutanen Onklou ba ne da za mu kewaye gida da ciyawa. Baffa babba kuwa ya gyara zama ya dube ni.

«Ɗiyata, ke kika yi karatun arshitek ko shi?»

Da na ce masa babu arshitek ɗin gini a cikinmu, daga ni har shi, sai ya ɗauka hassada ce. Ya ce in je in taya mata aiki.

Goggo ba wanda ya nemi shawararta. Bayan an gama yankewa ne Baffa babba ya je ya durƙusa a ƙofarta, ya ce Yaya, za a gyara gida, ga yadda za a yi. Ta saurare shi har ya gama, ta ce to, Allah ya sa alheri. Ya taso yana cewa kun ji, ta yarda. Mutumin da ya shekara sittin da wani abu yana jin yadda yayarsa ke cewa to, wai bai gane wannan ba.

Magini ya zo, aka nuna masa takarda, ya tambayi inda za a sauke yashi. Kafin in koma Paraku na bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya na ce kada su jira ƙwanƙwasa, su dinga miƙa mata. Kowace ta ce haba, Goggo ce fa, sai an faɗa mana? Kuma har zuciyarsu suke faɗa, ban zarge su da ƙarya ba ko a yau.

Abin da ya biyo baya daga baya na tattara shi. Da aka gama ginin, a kwanakin farko duk su ukun suka dinga miƙo abinci lokaci guda. Kwano uku ga tsohuwa mai cin loma kaɗan, tuwo ya dinga kwana yana tsami a lungu, ƙudaje suka samu wurin zama. Baffa babba ya yi wa ɗansa waya ya faɗa masa. Arshitek ya ce ai ga shi nan, ba a bin tsari ne, mai bayarwa ba ya amsa tambayar da ba a yi masa ba, kowa ya jira ƙwanƙwasa. Baffa ya tara matan ya kafa doka. Daga ranar kowace ta kasa kunne ga tagarta. Ba ta ji komai ba, sai ta ce a ranta yau ta gidan wance aka buga. Katangar kuwa ta yi aikin da aka gina ta dominsa, ba wadda ke ganin tukunyar wata, ba wadda ke ganin lungun. Mai son gaishe da Goggo sai ta yi lulluɓi ta fita titi ta zagaya bayan gida, abin da a da taku kaɗan ne da ludayi a hannu.

Ni ina Paraku, lokacin jigilar auduga ya kama, motoci ba sa tsayawa, manhajar ma ba ta barin mutum ya motsa. Goggo ba ta riƙe waya. Duk sanda na kira Baffa na tambaye shi, sai ya ce lafiya lau, ba ta kawo kukan komai ba. Ana nan na haɗu da yaya a wani bikin suna a unguwar Ladjifarani, yana tsakiyar abokansa yana nuna musu hotunan katangar. Ya hango ni ya ɗaga hannu.

«Ƙanwata mai tsoro! Zéro incident. Ko ƙara ɗaya ba a kawo ba.»

Duk wanda ya taɓa riƙon manhaja ya san ba ƙara ake tsoro ba. Injin da ke ihu ana gyara shi kafin azahar. Wanda ya mutu shiru, allo yana nuna komai daidai, shi ne ake ganowa bayan ɓarna ta gama. Mutumin da ke kiran kansa arshitek yana tsaye da kofin lemo yana murnar shiru. Ban jira an ci abincin sunan ba, na hau zem, babur ɗin haya, zuwa tasha.

Na sauka Jugu da la'asar. Ƙofar zauren da na sani a rufe take da kwaɗo, ƙofofi uku na ƙarfe masu fenti sun fito a gefenta, sai da na tambayi wata mai tallan ƙosai ta nuna mini bakin lungun. Katanga dama, katanga hagu, mutum biyu ba sa jerawa. A ƙarshensa ga Goggo a bakin ƙofarta, a inda ta saba zama, tana fuskantar wurin da madafa take a da. Bulo ne yanzu a wurin. Na yi sallama, ta gane muryata, ta miƙo hannu. Da na riƙe shi sai na ji awarwaronta ya zame har gwiwar hannu.

Akushin yana kife a gefenta, a wanke. Na ɗaga shi, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

«Goggo, me kike ci?»

«Ana samu, ɗiyata.»

Sai da na matsa ta faɗa mini, tana yi kamar labarin wata take bayarwa. Ranar Juma'a akan zagayo mata da abincin sadaka daga ɗaya cikin gidajen. Akwai wata Bafulatana da ta daɗe tana ajiye ƙorenta a wurinta ranar kasuwa, ita takan bar mata wagashi, cukun Fulani, da ɗan nono. Sauran kwanakin goro ne, ta ce yana riƙe ciki. Tagogin uku suna nan a jere, ba nisa, ko a zaune sandarta za ta kai ta farko. Tana jin ƙamshin miyarsu yana tsallako katanga, tana jin ana kankare tukunya.

«Me ya hana ki bugawa?» Na san amsar, haushi ne ya sa na tambaya.

Ta ce, «Yaron nan, mi ya ce sunana a takardarsa?»

«Kiliyan.»

«Mi ke nan da Hausa?»

«Mai nema.»

Ta gyaɗa kai a hankali. «A gidan ga, zamanin Baba, ko jakin baƙo ba a bari ya yi kuka kafin a zuba mai dusa. Ni ce zan tsaya bakin taga?» Ta kama zanena. «Kada ki tada magana. Ki rufa mani asiri.»

Ban rufa ba. Tsohuwar taɓaryarta tana jingine a bayan ƙofa, na ɗauko ta na bi tagogin nan ɗaya bayan ɗaya ina dukan ƙarfen har unguwa ta amsa. Murafen suka buɗe, fuskoki suka leƙo, kowace da kwano a hannu, an ji ƙwanƙwasar da aka daɗe ana jira. Da suka zagayo suka ga Goggo a haske sai kuka. Wannan tana rantsuwa ta ɗauka gidan wancan ake ba ta, waccan tana rantsuwa da irin wannan. Baffannin suka iso suna salati, suna tafa hannu, kowa yana duban ɗan'uwansa. Baffa babba ya ciro waya ya kira ɗansa, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji, ina jin yana fatan yaron zai faɗi abin da zai wanke su duka.

Arshitek ya saurara, ya yi ɗan tsaki, ya ce tsarin ba shi da laifi. Tagogi uku suna aiki, an gwada murafensu. In mai amfani ya ƙi amfani da abin da aka ba shi, wannan erreur utilisateur ne, kuskuren mai amfani. Ya ce a yi mata bayani da kyau.

Goggo tana zaune tana ji. Ba ta san Faransanci ba, amma ta san murya.

A daren nan abinci ya cika lungun har ba wurin taka ƙafa. Baffa babba ya ce daga yau za a raba kwana, kowane gida da ranarsa, shi da kansa zai sa ido. Baffa ƙarami ya ce a fasa katangarsa a yi mata ƙofa. Duk sun makara, kuma ita ta fi su sanin haka. An riga an faɗa da ƙarfi, maƙwabta sun ji, cewa ta kwana da yunwa a gidan ubanta. Duk kwanon da zai zo bayan wannan, kunya ce ta aiko shi. Ta ɗanɗana kaɗan don kada a ce ta yi fushi. Da safe ta ce in ɗaure mata kayanta, za ta je Paraku a duba mata ido. Kowa ya san ba ido ba ne, kowa ya ce Allah ya ba da lafiya, har da masu rakiya zuwa tasha.

Ta zauna da ni a Kpébié, a ɗaki ɗaya da 'yar baranda. Ina zuba mata kafin in zuba wa kaina, a cikin akushinta, ba ta taɓa tambaya ba, ban taɓa jira ba. Jikinta ya ɗan dawo. Amma matar da aka haifa a gida mai rijiya da zaure, wadda ta san kowa a unguwa da sautin takunsa, ta ƙare tana zaune a barandar haya tana jin yaren da ba nata ba ta bayan katanga. Ba ta sake ambaton Jugu ba, ko da wasa. In baffannin suka kira, ta gaisa da su da kyau, ta tambayi yara, in suka ce yaushe za ta dawo ta ce sai ido ya warke. Damina ta biyu ta rasu. A Paraku aka binne ta, cikin mutanen da ba su san ko 'yar waye ba.

Yaya ya zo gaisuwa da farar shadda. Ya zauna kusa da ni, ya yi addu'a, sannan ya rage murya kamar mai ba ni sirrin sana'a. Ya ce ya yi tunani a kan abin, da za a sake, ƙararrawa zai sa maimakon ƙwanƙwasa, tsofaffi hannunsu ba ƙarfi. Na dube shi har ya kau da kai. Na ji an ce har yanzu in yana koyar da matasa yakan kawo misalin wani tsohon gida da ya raba modul-modul, ba a taɓa samun ƙara ba.

Da na je Jugu kwashe sauran kayanta, na tarar Baffa ya kira magini zai toshe tagogin, ɗakin kuma za a mai da shi wurin ajiyar albasa. Yanzu kam ya zama mataccen rubutu na gaske, ana iya sharewa. Na ce wa maginin ya dakata, na bi murafen ukun ina shafawa da tafin hannu. Fentin yana nan sumul kamar ranar da aka shafa shi, ko ƙwarzane babu, in ban da inda na doka da taɓarya.